Sawun Zoben Matar Likita

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, ku yi mini uzuri. Raina a ɓace yake, in kun ga na tsallake harafi a wayar nan ku cike da kanku. Masu damuna da saƙo suna tambayar ina aka kwana a maganar aurena da Nan-Take, ku gyara zama. Waɗanda kuma yau suka fara karanta ni, bari in gaya muku ko ni wace ce, don kada ku ce yarinyar nan ta zare a kan ƙofar mota.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana duk da na ba shekara ashirin da shida baya. Babana mai goge motoci ne. Ba wanki ba, ba fenti ba, gogewa. A kawo masa motar da fentinta ya dushe, ya zauna da tsumma da gwangwanin mai, ya yi ta bin ta a hankali har ta dawo tana ɗaukar ido. Shekara arba'in ke nan yana wannan aiki a garejin da ke manne da gidanmu. Rumfar kwano ce mai cin mota biyu, da benci ɗaya, da kantar da yake jera tsummokaransa a ninke kamar kayan jariri. Yayyena maza duk sun tsere wa sana'ar, sun ce kafaɗarsu ba ta haya ba ce. Ni ce na maƙale tun ina 'yar shekara tara, har yau kuma ƙarƙashin farcena bai taɓa yin fari tas ba.

Dokokin Baba biyu ne. Ta farko, kafin ka sa mai sai ka rufe ido ka shafa fentin da tafin hannu, don ido yana ruɗuwa da ƙyalli. Ta biyu, ba a zagaye. Daga gaba zuwa baya ake jan tsumma, miƙe, yadda iska ke bin jikin mota in tana gudu. Sau ɗaya na taɓa murza tsumma a zagaye ina ƙarama, ya karɓe shi daga hannuna, kwana uku ina share gareji kawai.

Shi kuwa Nan-Take shago gare shi a babban titi, mai gilasai da fitilu, da injinan gogewa har guda biyar suna kuka tun safe. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa, don duk abin da ka tambaye shi sai ya ce maka, "Nan take." Ba zan yi muku ƙarya don ina fushi ba: na so shi. Yana da fara'a, yana da ƙamshi, ya iya sa ni dariya har in riƙe ciki. Shi ne namiji na farko da ya kalli hannuna bai yamutsa fuska ba, ya ce hannun mai aiki ne, ya sa masa zobe. Ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo wurin Baba a tsayar da magana. Umma ta canza labulen falo, ta sa an wanke kujeru, ta fito da kofunan da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa shan ruwa da su ba. Wata biyu ke nan ba ta da zance sai Asabar.

Abu ɗaya ne ya hana shi da Baba jituwa sosai, shi ne maganar inji da hannu. Nan-Take yakan ce abin da Baba ke yi a kwana uku shi awa biyu ya ishe shi, kuma tasa ta fi sheƙi. Gaskiyarsa ce, na gani da idona, motar da ta fito daga shagonsa za ka iya gyara ɗaurin ɗankwali a jikinta. Baba bai taɓa musa masa ba. Cewa yake inji ba abin ƙi ba ne in fentin na da kauri kuma mai riƙe da shi na da haƙuri, amma a tuna cewa ƙyallin inji daga cin fenti yake zuwa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Nan-Take sai ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan," ya ɗan ƙifta mini ido. Ni ma, Allah Ya yafe mini, nakan yi murmushi.

To yanzu ga motar da ta jawo komai.

Akwai wani tsohon likita da ya daina aiki, Likita kawai muke ce masa. Yana da wata tsohuwar mota koriya, kore mai duhu, wadda fentinta na asali ne tun daga kamfani, ba a taɓa sake shi ba. Ta matarsa ce. Ita ta tuƙa ta shekara da shekaru har Allah Ya karɓi ranta. A ƙarƙashin mariƙin ƙofar direba akwai wasu 'yan ƙananan layuka, sirara, a jere kusa da juna. Sawun zobenta ne, kullum ta zo buɗe ƙofa sai ya ɗan karci wurin. Tun ranar da Likita ya fara kawo motar bayan rasuwarta ya nuna wa Baba wurin ya ce a goge ko'ina amma a bar masa wannan. Shekara goma sha biyu Baba yana kewaye layukan nan da ɗan yatsa a cikin tsumma. Ƙofar direba ba ya bar wa kowa, har ni. Sau ɗaya a shekara Likita ke kawo ta, ana saura kwana uku ranar da matar ta rasu, ya karɓa ranar, ya tuƙa ta shi kaɗai ya zaga gari. Kafin ya shiga kuma sai ya sa yatsa ya taɓa wurin, na sha gani.

Ran Litinin ya kawo ta, zai karɓa Alhamis da tsakar rana.

Ran Laraba da safe Baba ya gama ƙofar direba da kansa, yana yi yana cije leɓe, don kafaɗarsa ta dama ta daɗe tana ba shi wahala, ga yanar da ta fara rufe masa ido ɗaya. Da rana Umma ta raka shi asibiti. Ya bar mini rufin motar da murfin but ɗinta na baya da ɗaya gefen, ya miƙo mini makulli ya ce in bi a hankali, fentin nan ya yi siriri kamar fatar albasa.

Ina cikin aiki, gumi na bin bayana, tela ta kira ta ce in zo a gwada rigar Asabar yanzu ko kuma in sa ta yadda ta fito. Doguwar riga ce ruwan zuma, mai aikin zare a wuya da bakin hannu, na yi sati uku ina mafarkinta. Ina ajiye waya sai ga saƙon Nan-Take: "Gimbiya, kina ina?" Na ce ina gareji, hannuna ya mutu, ga tela na jira. Ya rubuto, "Nan take." Minti goma bai cika ba ya faka a bakin rumfa, farar riga a jikinsa ko ɗigon datti babu, ya buɗe bayan motarsa ya ciro inji.

A nan ne zan faɗi laifina, don ban zo nan in wanke kaina ba. Na ce a'a sau biyu. A na uku na yi shiru. Ya ce zai sa soso mafi laushi, zai rage gudun injin, rufi da but kawai, wurare masu faɗi da ba su da haɗari, in je in dawo in tarar an gama. Ni kuma na gaji, kuma can ƙasan zuciyata ina so in ga yadda koriyar nan za ta yi in inji ya taɓa ta. Na miƙa masa makulli. Na nuna masa ƙofar direba na ce ko kusa kada ya je wurin, na ma sake tuna masa labarin zoben, wanda na taɓa ba shi tun farkon haɗuwarmu. Ya ce ya ji. Idonsa na kan wayarsa lokacin da ya ce ya ji, amma ni sauri nake, na yafa mayafi na fita.

Awa ɗaya da rabi na yi. Na dawo da riga a leda ina jin daɗi, tun daga bakin layi na hango motar tana walƙiya a cikin inuwa. Wallahi ta yi kyau. Ban taɓa ganin ta haka ba. Yana tsaye yana naɗe wayar inji, bakinsa har kunne.

"Kin gani? Har wannan ƙazantar ta ƙarƙashin mariƙin ƙofa na cire miki. Ta ba ni wuya, sai da na danna sosai."

Ledar ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa a gaban ƙofar. Wurin sumul, kamar ba a taɓa buɗe motar nan ba tun da aka ƙera ta. Shekarun matar nan duka, ya shafe su a minti biyar. Kuma ba nan abin ya tsaya ba. A gefen ƙofar, inda ƙarfen ya lanƙwasa fenti ya fi siriri, injin ya yi zafi ya cinye koren gaba ɗaya, ga toka-tokan fentin ƙasa ya leƙo, faɗin babban yatsa. Ya shafa mai da yawa a kai don ya ɓoye, yana tsammanin 'yar mai goge mota ba za ta gani ba.

Abin da na gaya masa ba zai rubutu a nan ba. Ya fara da cewa ya manta, ya koma cewa shi gyara ya yi niyya, ya ƙare da cewa ai karce karce ne, wane mai hankali ne zai yi kuka don an cire masa karce a mota. Da ya ga lokacin dawowar su Baba ya yi, sai ya tuna yana da baƙi a shago. Ya ce kada in ce komai tukuna, zai san yadda za a yi. Ya ja motarsa ya bar ni da warin soso mai ƙuna.

Na lulluɓe motar da mayafinta. Da su Baba suka dawo ya tambaye ni ko na gama, na ce na gama. Ya ce Allah Ya yi mini albarka. Bayan wannan albarkar ko abinci ban iya ci ba. Na bi Umma kicin na rufe ƙofa na gaya mata komai, ina tsammanin za ta tashi hankalin duniya. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta, sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya gan shi ya shigo da injin. Tambayarta ta farko ke nan. Ba ta tambayi motar ba, ba ta tambayi Baba ba. Ta ce in kama bakina har Asabar ta wuce, bayan nan a san yadda za a lallaɓa. Ta lissafo mini sa'o'ina da suka yi aure suna goyon na biyu, ta tuna mini maza nawa ne suka zo suka ga hannuna suka koma. Ta ce ita ba za ta zuba ido tsohuwar mota ta kashe wa 'yarta aure ba.

Da safe Baba ya shiga gareji, na bi shi. Umma ma ta biyo mu da kofin shayinsa, abin da ba ta saba ba. Ya yaye mayafin, ya rufe ido yadda ya saba, ya ɗora tafin hannu a kan rufin. Ya ja shi a hankali ya sauko ta gilashi zuwa ƙofar direba. Da ya isa ƙarƙashin mariƙin sai hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ya gangara gefen ƙofar, babban yatsansa ya sami wurin da ya ƙone. Na ƙirga numfashina har bakwai kafin ya buɗe ido.

"Ashe hannuna ya fara cin amanata," in ji shi. "Jiya na danna da yawa ban sani ba. Tsufa ya zo."

Na buɗe baki, Umma ta taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Ta ce masa ƙaddara ce, Likita mutumin kirki ne, zai fahimta. Baba bai karɓi shayin ba. Ya zauna a benci ya ce in Likita ya zo shi zai gaya masa da bakinsa, kuma daga wannan motar ya ajiye tsumma, don wanda hannunsa ya daina gaya masa gaskiya bai kamata a sake ba shi amanar fentin mutane ba.

Na shige ɗaki na rubuta wa Nan-Take cewa Baba ya ɗauka shi ya yi, zai bar sana'a, ya zo ya faɗi gaskiya kafin tsakar rana. Ina kallo alamar ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Ga abin da ya turo, na kwafo muku shi yadda yake:

"Gimbiya ki kwantar da hankali. In kin duba abin ya zo da sauƙi. Baba dattijo ne, ba wanda zai riƙe shi, dama lokacin hutunsa ya yi. Ni kuwa in aka ji na ƙona fentin mota shagona ya mutu, kuma shagon nan namu ne ni da ke. Zan zo anjima in tsaya tare da shi."

Ya saka hoton zuciya a ƙarshe. Ja.

Sau huɗu na karanta. Wato sunan da Baba ya gina da kafaɗarsa shekara arba'in shi ne mai arha, shi za a shimfiɗa a taka a wuce, don gilasan shago su ci gaba da ƙyalli. Kuma wai zai zo ya tsaya tare da shi. Ya tsaya ya yi me? Ya riƙe masa hannu yayin da yake ɗaukar laifin da ba nasa ba? Rigar ruwan zuma tana rataye a jikin ƙofar kabad tana kallona, na fizgo ta na cusa a ƙarƙashin gado. Na sa rigar aikina mai tabon mai, na ɗaure kaina da tsohon ɗankwali, na fita.

Na tarar da Baba shi kaɗai yana sauke tsummokaransa daga kanta yana jerawa a kwali. Kowanne sai ya sake ninke shi kafin ya saka. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ba kai ba ne."

Bai ko ɗago ba.

"Na sani, Auta."

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ya ce tun da tafinsa ya sauka a kan rufin ya sani. Fentin da inji ya bi santsinsa daban ne, kuma ko makaho ya san hannun mutum ba ya yin zafin da zai ƙona gefen ƙofa. Ya ce ya san wanda ya riƙe injin, ya kuma san wadda ta ba da makulli, don makullin nan hannu ɗaya ya miƙa wa.

Kunya ta rufe ni, amma fushi ya fi ta ƙarfi. Na tambaye shi to don me zai ce shi ne.

"Don kina son sa. Ni na gama nawa, ke yanzu za ki fara. In an jima Likita ya zo, ban yarda ki buɗe baki ba. Kin ji ni?"

Ban amsa ba. A rayuwata ban taɓa ƙin amsa wa Baba ba sai ranar. Ku gaya mini, wane irin gida ne wannan da kowa ya yarda a binne mutumin da ya fi kowa gaskiya a cikinsa, har da shi kansa, don a samu a sha shayi da kofunan baƙi ran Asabar? Kowa yana yi don ni, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ina son auren da aka ɗora a kan wannan.

Sha biyu saura Nan-Take ya iso, da ledar 'ya'yan itace a hannu, ya sha shuɗiyar riga mai guga, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah Ya kiyaye gaba, ai kowa yana kuskure. Baba ya amsa masa da amin. Umma tana bakin ƙofar da ta haɗa gida da gareji tana sa masa albarka. Ni ina jingine da kanta, makullin motar a cikin tafina, na matse shi har ya yi mini shaida.

Likita ya sauka daga tasi da sandarsa, sanye da tsohon kwat ɗin da yake sawa duk shekara a wannan rana. Ya gaisa da kowa, ya tsaya ya kalli motar ya ce kai, bana ta yi kyau fiye da kullum. Sannan ya taka zuwa ƙofar direba, ya miƙa yatsa ƙarƙashin mariƙin ba tare da ya duba ba, yadda mutum ke laluben makunnin fitilar ɗakinsa. Yatsan ya zame. Ya sake taɓawa. Ya ciro tabarau ya sa, ya sunkuya.

Baba ya miƙe tsaye da kyar. "Likita, akwai maganar da zan gaya maka. Jiya hannuna..."

An hana ni buɗe baki, ba a hana ni tuƙi ba. Na zagaya ta ɗaya ƙofar na shiga, na tsallaka zuwa kujerar direba, na ce Likita ya ɗan matsa. Na tayar da motar na ja ta baya, daga inuwar rumfa zuwa tsakiyar rana. Na kashe na fito.

Wanda bai san aikinmu ba bari in gaya masa. A cikin inuwa aikin inji ba shi da aibi. Amma in mai riƙe da shi ya yi gaggawa, rana tana tona shi. Hasken na sauka a kan koren nan sai ga su sun fito, zagaye a kan zagaye, sirara kamar saƙar gizo-gizo, tun daga rufi har but, sun fi yawa a ƙofar direba inda ya danna. Likita ya shekara goma sha biyu yana zama a bencin nan yana kallon Baba na jan tsumma daga gaba zuwa baya. Ya kalli ƙofar, ya kalli Baba, ya cire tabarau.

"Malam, kai ba ka zagaye," ya ce a hankali. "Wa ya sa wa motar matata inji?"

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Na ciro. Nan-Take ne, yana tsaye taku uku daga inda nake, hannunsa a bayan ledar 'ya'yan itace. Ya rubuto: "Ki yi tunanin Asabar."

Na ɗaga wayar na karanta saƙon da ƙarfi, kowa ya ji. Sannan na ce wa Likita ni na ba da makulli alhali an ba ni amana, wannan laifina ne kuma ba zan gudu daga gare shi ba. Wanda ya riƙe injin kuwa ga shi nan tsaye, bakinsa lafiya lau yake.

Na ba shi dama, ku shaida. Ko a lokacin, da ya ce ni ne, ku yafe mini, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Ya kalli Umma, ya kalli titi, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ita ta ce in taimaka mata. Ni alfarma na yi."

Umma ta ja ƙofa ta rufe da ƙarfi. Likita bai ko kalle shi ba. Ya miƙo hannu na sa masa makullin. Ya juya wurin Baba ya ce masa bai taɓa zaton akwai ranar da zai yi masa ƙarya ba, ko da irin wannan ce, kuma kada ya kuskura ya ajiye tsumma, don baɗi zai dawo da ita kuma hannu ɗaya ne zai taɓa ta. Ya faɗi haka yana kallona, na gane nawa hannun ne aka cire. Na cancanta. Kafin ya shiga motar ya sake kai yatsa wurin, ya daɗe yana shafawa, bakinsa na motsi. Wannan shafawar ita ce ba zan yafe wa Nan-Take ba, kuma ba zan yafe wa kaina ba.

Yau Juma'a. Baba ya mayar da tsummokaransa kan kanta da safe, ɗaya bayan ɗaya, amma tun jiya bai ce mini uffan ba, ko kallon inda nake ba ya yi. Umma kuwa magana take har ta yi yawa. Ta ce na tozarta mutum a gaban baƙo, na kunyata ta, in kira shi in ba shi haƙuri kafin manyansa su fasa zuwa gobe. Ta zaro rigar daga ƙarƙashin gado ta goge ta da kanta ta shimfiɗa mini a kan katifa.

Shi kuma saƙonsa goma sha tara ne a wayata ban buɗe ba, sai na ƙarshe da ya fito a saman gilashin wayar: "Ni kike so ko ƙofar mota?"

Yanzu haka yana bakin layinmu, hon ɗinsa nake ji, karo na uku ke nan. Umma tana ƙwala mini kira daga falo. Zoben ya ƙi fita da farko, sai da na shafa masa ɗan man gogewar Baba ya zame. Ga shi a tafin hannuna, ina neman ɗaya takalmina.